Yadda ake tantance tsohuwar Marsandi SL kafin a biya kuɗinta

A bayan wani gida a Kaduna na fara taɓa Marsandi SL da hannuna. An ɗora ta a kan bulo, an lulluɓe ta da tamfol, busasshen ganyen darbejiya ya taru a kai har ya fara komawa ƙasa. Mai ita ya rasu da jimawa, 'ya'yansa kuma suna son filin domin gini. Da babban ɗan ya yaye tamfol ɗin, jan fentinta ya ɗauki rana, sai na ji zuciyata ta saya tun bakina bai taya ba. Allah ya sa na je da bakanikena, dattijon da ya tsufa yana kwance injin Marsandi yana ɗaurawa. Ko kallon fentin bai yi ba. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin ƙofa, ya fito da ɓurɓushin tsatsa a tafinsa kamar dakakken barkono, ya ce, "Alhaji, ga ainihin motar nan a hannuna. Abin da kake kallo riga ce kawai."

Tun daga ranar na ɗauki tsarin da zan kawo a nan: lamba da takarda tukuna, sannan ƙarfe, sannan inji. Fenti shi ne na ƙarshe.

Wace mota ce wannan?

Akwai jinsin motoci da Italiyawa suka raɗa wa suna gran turismo, wato motar doguwar tafiya: ƙofa biyu, inji mai ƙarfi, mazaunin da mutum zai wuni a kai bai gaji ba. Marsandi SL tana tsakanin wannan jinsi da na motocin tsere. Sunan ya faro ne daga 300 SL ta tsere da ta ci gasar Le Mans ta Faransa a 1952. A 1954 aka fitar da ta kasuwa, mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu, guda 1,400 kacal aka ƙera. Daga 1963 zuwa 1971 aka yi wadda ake kira Pagoda saboda lotsawar rufinta. Waɗannan duk sun zama kayan manyan attajirai da gidajen gwanjo. A watan Mayun 2022 an sayar da 'yar'uwarsu 300 SLR Uhlenhaut, ɗaya daga cikin biyu da aka ƙera a 1955, a kan Yuro miliyan 135. Ƙarfen da ke jikinta bai kai wannan kuɗi ba, tarihinta aka saya.

Wadda hannun mai matsakaicin ƙarfi zai iya kaiwa ita ce ta bayansu, wadda kamfanin ke kira R107. An fara ta a 1971, ba a daina ba sai 1989, shekara 18 ke nan ana buga siffa ɗaya, sama da guda 237,000. Kusan kashi biyu cikin uku Arewacin Amurka suka tafi. Tana da 'yar'uwa mai rufin dindindin da ɗan ƙarin tsawo, SLC, wadda ta taka ƙasar Afirka ta Yamma da gaske: a gasar Bandama ta Kwaddibuwa a 1979, motocin 450 SLC 5.0 ne suka zo na ɗaya har zuwa na huɗu, direba Hannu Mikkola a gaba. Shekara ɗaya kafin nan Jean-Pierre Nicolas ne ya ci gasar da Fijo 504 mai ƙofa biyu da injin V6. Wannan Fijon dangin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ce tun 1975, sai dai bodinta kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ya kuma ƙera. Duk wanda ya ci karo da ita a wani kango, matakan da ke ƙasa za su yi masa aiki, lambobin ne kawai za su bambanta.

Mataki na farko: san wadda kake nema tun kana gida

Bodi ɗaya ne, amma injinan sun kai takwas. Masu silinda shida su ne 280 SL, daga 1974 zuwa 1985, da 300 SL da ta gaje ta har 1989. Sauran duk V8 ne, wato masu silinda takwas: 350 SL da 450 SL na shekarun 1970, sai 380 SL da 500 SL daga 1980, sai 420 SL da 560 SL daga 1985. Ita 560 an yi ta ne domin Amurka da Japan da Ostareliya.

Ta Amurka ana gane ta daga nesa: fitilu huɗu zagayayyu, da bamba mai tsawo gaba da baya daga 1974, wadda a idona ta rage wa motar kyau. Dokar hayaƙi ta can ta kuma rage mata ƙarfi. 380 SL ta Amurka doki 155 gare ta, ta Turai ta haura 200. A ra'ayina, ga mai zama a ƙasarmu, 280 SL ko 300 SL ta fi kwanciyar hankali. Injinansu iri ɗaya ne da na wasu Marsandi masu ƙofa huɗu da suka yi yawa a titunanmu, saboda haka tsofaffin makanikai sun san cikinsu, ana kuma iya tsintar kayansu a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Mai son rugugin V8 ya nemi 500 ko 560, ya kuma shirya wa gidan mai.

Mataki na biyu: karanta lambar casis

Harafin azurfa da ke manne a murfin but ba shaida ba ne, da sukudireba ake cire shi a sa wani. Na taɓa ganin wani dillali yana tallar 380 da tambarin 500, ya kuma yi rantsuwa a kai. Lambar casis ce ba ta ƙarya sai an taɓa ta.

Buɗe bonet. Akwai farantin ƙarfe a gaba kusa da lagireto, akwai kuma lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar cikin ɗakin inji. Ta Amurka tana da wata kusa da gilashin gaba ta gefen direba. Dole dukansu su zo ɗaya da juna, su kuma zo ɗaya da ta takarda. Ga yadda ake karanta ta Turai. Tana farawa da 107, sai lambobi uku masu faɗin samfuri: 041 ita ce 300 SL, 042 ita ce 280, 043 ita ce 350, 044 ita ce 450, 045 ita ce 380, 046 ita ce 500, 047 ita ce 420, 048 kuma 560. A motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1980, lambobi biyu na gaba su ma suna magana. Na farko idan 1 ne, sitiyari a hagu aka ƙera ta, idan 2 ne a dama. Na biyu idan 0 ne giyar hannu ce, idan 2 ne otomatik. Ke nan 107 042 12 tana nufin 280 SL, sitiyari a hagu, otomatik. Idan ka ga 22 alhali sitiyarin yana hagu, an juya shi ne bayan ta bar masana'anta, kuma irin wannan aiki ba kasafai yake fita da kyau ba. Motocin Amurka daga samfurin 1981 suna da lamba mai gurbi 17, ta 560 tana farawa da WDBBA48. Togaciya ɗaya: a 1972 Amurkawa sun karɓi mota mai tambarin 350 SL amma da injin lita 4.5, don haka 044 za ka gani a jikinta, kuma ba maguɗi ba ne.

Shafa wurin lambar da yatsa. Idan ka ji tudu, ko alamar walda, ko haruffan ba su daidaita a layi ba, ko fentin wurin ya fi na kewayensa sabunta, yi sallama ka tafi. Babu arahar da za ta wanke motar da aka yi wa dashen lamba.

Mataki na uku: nemi katin haihuwarta

Kowace Marsandi ta bar masana'anta da kati da Jamusawa ke kira Datenkarte. A ciki akwai lambar casis, lambar inji, lambar giya, launin fenti, irin kujeru, da duk ƙarin da mai sayen farko ya biya. Wani lokaci yana nan cikin littafin sabis a aljihun dashbod. Idan ya ɓata, sashen tsofaffin motoci na kamfanin, Mercedes-Benz Classic, yana fitar da kwafi ga wanda ya nuna shaidar mallaka, don haka mai motar za ka roƙa ya nema. Sauran kamfanoni ma suna da irin wannan: Jaguar Daimler Heritage Trust na ba da takardar shaida ga Jaguar, Ferrari kuma na da sashen Classiche.

Da katin a hannu, gwada lambar da ke jikin inji. Ta 280 tana farawa da 110, ta 300 da 103, ta 350 da 380 da 420 da 116, ta 450 da 500 da 560 kuma da 117. Motar da ke ɗauke da injin da aka haife ta da shi ta fi daraja nesa ba kusa ba. Duba lambar fenti a farantin gaba: 040 baƙi ne, 568 ja, 904 shuɗi mai duhu, 735 ruwan azurfa. Jar motar Kaduna 735 muka gani a farantinta. Da muka ɗaga kafet ɗin but, ga ruwan azurfan nan kwance a ƙasa. Canjin launi ba haramun ba ne, amma yana rage kuɗi, yana kuma sa ka tambayi abin da aka rufe.

A nan zan faɗi abin da ke ci mini rai. Wasu in injin ya ba su wahala sai su cire shi su jefa na Toyota. Motar za ta yi tafiya, gaskiya ne, amma ta tashi daga abin tarihi ta koma kwarangwal mai kyan fuska. Wanda ya riga ya yi haka, don Allah ya adana tsohon injin a ɗaki, kada ya ba 'yan gwangwan.

Mataki na huɗu: farautar tsatsa

A nan za ka ɓata mafi yawan lokacinka, domin inji ana gyara shi da kuɗin da aka sani, tsatsa kuwa ba a san ƙarshenta sai an fara yanka. Je da rana tsaka, motar a bushe. Ruwa da hasken fitila suna ɓoye aibi. Tafi da tocila, da ƙaramin maganaɗisu naɗe a ƙyalle don kada ya karce fenti, da sukudireba, da tabarmar da za ka kwanta a kai. In da hali a kai ta kan rami, ya fi.

Fara da wurin da ya fi kashe R107: bangon da ya raba inji da cikin mota. A gindin gilashin gaba, ƙarƙashin bonet, akwai murfin fankar iska da 'yan sukurori ke riƙe da shi. Nemi izini ka kwance. A ƙarƙashinsa akwai kwarin da ruwan sama ke bi ya fita ta ƙananan bututu. Ganye da ƙura suna toshe bututun, ruwa ya kwanta, ƙarfe ya ruɓe daga ciki, ruwan ya riƙa zuba a ƙafar direba. Gyaran na gaskiya sai an fitar da dashbod gaba ɗaya. Da muka buɗe na jar motar, laka muka tarar da ruɓaɓɓen ganye, bakanikena ya danna sukudireba a hankali, ta shige kamar a cikin tuwo. Mai motar da ya hana ka buɗe wannan murfi ya riga ya ba ka amsa.

Daga nan ɗaga kafet na gaba, duka gefe biyu, ka taɓa soson da ke ƙasa. Danshi ko warin rima alama ce. Sauka ƙasa ka bi dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, musamman ramuka huɗu da ake sa jak. Duba saman fitilun gaba, da bakin tayoyin baya, da kwanon safaya taya a but, da akwatin da rufin yadi ke naɗewa a ciki. Bi jikin motar da maganaɗisu taƙi bayan taƙi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya sulale, fanal bita ya cika da fila. Ka lura dai, na baya-bayan nan bonet ɗinsu na alminiyam ne, maganaɗisu ba zai kama shi ba ko da lafiyarsa ƙalau.

Kana kwance a ƙasa, haska ƙarfen da ke ɗauke da inji da ƙafafun gaba, wurin da hannun taya na ƙasa ke ɗaure. A tsofaffin masu V8 wurin yana tsagewa. Tsaga ko walda mara kyau a nan magana ce ta rai, ba ta ado ba.

Tambayi inda motar ta yi rayuwarta. Wadda ta zauna a busasshiyar ƙasa irin Kano ko Damagaram, rana ta ci robobinta da dashbod amma ƙarfenta na nan. Wadda ta sha iskar teku a Legas, ko gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara a Turai, tana iya sheƙi a sama ƙasanta kuwa ya zama rariya. Ni kullum zan zaɓi mai ƙonannen fenti da lafiyayyen ƙarfe.

Mataki na biyar: inji, kuma a sanyi

Idan motar ta yi shekaru a ajiye, kada ka yarda a kawo batir a yi mata kiyi don a burge ka. Tsohon fetur yana zama danƙo, kuma waɗannan motoci ba kafireto gare su ba. Na farko suna da tsarin feshin mai na lantarki, D-Jetronic, daga tsakiyar shekarun 1970 aka koma K-Jetronic, dukansu na Bosch. K-Jetronic yana aiki da matsin mai kusan 5 a ma'aunin bar, kuma datti kaɗan ya isa ya lalata kan da ke raba mai, wanda ke da tsada, masu gyara shi kuma ƙalilan ne. Tsohon tiyo a ƙarƙashin irin wannan matsi gobara ce ke jira. Sai an zubar da man tanki, an canja tiyo da filta, an cire fulogi an ɗiga baƙin mai a kowace silinda, an juya injin da sifana ya zagaya lafiya, sannan a yi maganar kiyi. Duba wayoyi kuma, ɓeraye suna son su.

Idan mai tafiya ce, ce wa mai ita kada ya tashe ta kafin ka zo, ka kuma taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa. Kasa kunne a daƙiƙun farko. Ƙarar ƙarfe kamar ana jan sarƙa daga gaban inji tana nuna sarƙar taimin ta saki. A injinan V8 robobin da sarƙar ke bi suna bushewa su karye, in suka faɗa ciki sarƙar ta yi tsalle, bawul ya haɗu da fistin. Buɗe murfin zuba baƙin mai ka haska. 380 SL ta Amurka daga 1981 zuwa 1983 ta fito da sarƙa mai layi ɗaya, wadda ba ta da ƙarko, a 1984 aka mayar da ita layi biyu. In mai layi ɗaya ce har yanzu, sa kuɗin canjin cikin lissafinka.

Allurar matsin baƙin mai tana tsayawa a 3. In injin ya yi zafi tana iya sauka yana sulo, amma da ka taɓa totur ta koma sama nan take. Shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa, ko kumfa mai kama da madara a murfin mai, ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Mataki na shida: hau titi

Minti talatin aƙalla, a sami go-sulo a sami buɗaɗɗen titi. Allurar zafi ta zauna kusa da 80, kada ta riƙa hawa in an tsaya. Giya ta shiga ba tare da duka ba, ribas kada ta yi dogon jinkiri. Sitiyarin waɗannan motoci yana yin wasa da tsufa, in ya yi yawa akwatinsa na son gyara. Kada ka dogara da lambar tafiya da ke kan mita, ƙaramin haƙorin da ke juya ta yana karyewa ta tsaya cak shekara da shekaru. Gogewar feda da kujerar direba da rasit ɗin sabis sun fi ta gaskiya. Ta Amurka da mil take ƙirga, ba kilomita ba.

Da kun dawo, ku cire rufin ƙarfe, aikin mutum biyu ne, ku ɗaga na yadi ku ga ko ya yage ko sandunansa sun lanƙwashe. Ƙirga ƙananan kaya: ƙarafan ado, fitilu, maɓallai, katakon dashbod. Ɗaya-ɗaya ba su da yawa, a tare suna iya kai kuɗin inji.

Mataki na bakwai: takardu da masu haƙƙi

Yawancin irin waɗannan motoci a wurinmu kayan gado ne. Kada ka biya ɗa ɗaya a bayan idon sauran. Tabbatar an raba gadon, ko dukan magada sun amince a rubuce, da shaidu, har da iyaye mata. Karɓi takardar kwastam, da ta mallaka, da tsofaffin lasin. Duk wani tsohon hoto ko rasit da iyalin za su iya ba ka, karɓa ka adana, domin yana cikin darajar motar.

Mai niyyar shigo da ita daga waje ya fara zama da wakilin kwastam mai lasisi kafin ya tura ko sisi. Akwai dokar shekarun motar da za a shigo da ita, kuma takan canja. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972, mota mai sitiyari a dama ba ta da hurumi, saboda haka na Ingila ba naka ba ne. Kada ka yi cinikin biri a sama da hotunan intanet. Biya wani masani mai zaman kansa a can ya je ya bi matakan nan ya aiko maka da bidiyo, har da na ƙarƙashin murfin fanka.

Wajen farashi, duba abin da aka sayar, ba abin da ake nema ba. Gidajen gwanjo irin RM Sotheby's da Bonhams da shafin Bring a Trailer suna wallafa sakamakon cinikinsu, kamfanin Hagerty kuma yana kasa motoci daraja huɗu, daga 1 mai kamar sabuwa zuwa 4 mai tafiya da aibobinta. Ajiye motar a darajarta ta gaskiya, rubuta duk gyaran da kuka gano da kuɗinsa a takarda, ka miƙa wa mai ita cikin mutunci. Takarda ta fi musu saurin sauko da farashi.

Jar motar ban saya ba. Na gaya wa babban ɗan abin da muka gani, na roƙe shi ya sayar da ita ga mai neman kayan gyara maimakon masu awon ƙarfe, domin gilasanta da fitilunta da rufinta duk lafiyayyu ne. Bayan shekara biyu na sami 280 SL fara mai dusasshen fenti, lambobinta duk sun dace da katinta. Kafin ta taka titi mun canja baƙin mai, man giya, man birki, ruwan lagireto, duk tiyon fetur, da tayoyi huɗu, duk da zanensu bai goge ba, don roba ta bushe. Na sa abin kashe gobara a bayan kujera. Tana kwana a inuwa, nakan fita da ita sau ɗaya a mako har ta yi zafi sosai, kuma duk shekara kafin ruwan farko nakan kwance murfin fankar nan, in zuba ruwa kofi ɗaya a kwarin, in durƙusa in ga ya fito ta ƙasa.